Jan Birona da Koren Littafin Saude

Zuwa ga 'yata Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Katsina lafiya, kin dace da ɗaki mai iska da maƙwabta na gari. Na san za ki yi dariya idan kika tsince ta a ƙarƙashin atamfofinki, ki ce Umma da waya a hannunta ta tsaya rubuta wasiƙa. Yi dariyarki. A waya ke ce mai magana, ni nawa "to, to" ne kawai, kuma abin da nake son faɗa miki yana da tsawo.

Tun ranar da kika shigo da gudu kika ce gidan rediyo sun ɗauke ki aiki, kuma shirin sharhin littattafai da finafinai za su ba ki, bakina bai rufu ba. Har mai kawo mana ruwa sai da na tsayar da shi na gaya masa. Babanku ya ce in sassauta, na ce ba zan sassauta ba, ai ni aka gada. Shekara da shekaru ina ba da hayar littattafai a ɗakin nan na kusa da zaure, ina gaya wa matan Daura abin da za su karanta da abin da za su kalla. Ni tawa muryar iyakarta unguwa da 'yan garuruwan kusa, ke taki za ta shiga gidajen da ba ki taɓa takawa ba. Shi ya sa nake so ki san kurakuraina tun ba ki buɗe baki ba, musamman wanda na kusa kashe littafin Antinki Saude da shi, na kusa rasa ita kanta. Ba ki taɓa jin labarin ba, don ni da ita mun ɓoye muku.

Bari in fara da na ban dariya.

Lokacin da bidiyo ya shigo gidan nan kina goye. Matan gida uku ne suke taruwa a ɗakina bayan azahar idan an kawo wuta. Ni kuwa duk kaset ɗin da babanku ya karɓo sai na riga kowa kallo. Sai in zauna a gaba, ana farawa in ce, "Ku dubi mai farar hular nan, kada ku yarda da shi, shi ne ya sace takardun." Ko jarumar ta shiga mota in ce, "Allah sarki, daga wannan tafiya ba za ta dawo ba." Ni a ganina taimakonsu nake yi. Rannan Gwaggonki Delu ta miƙe tsaye ta kwance ɗankwalinta ta ce, "Talatu, ko ki ɗaure bakinki da kanki ko in ɗaure miki. Mun baro wanki mun zo kallo, ke kin ƙarasa mana fim tun ba a gama nuna sunaye ba!" Mata suka yi ta dariya har da masu hawaye. Na yi fushi na kwana biyu, a na uku na yarda gaskiyarta ce.

Don haka idan kin zauna gaban makirfo, ki ba mai sauraro abin da zai sa ya tashi ya nemi littafin, ki bar masa ƙarshen. Na san halinki, bakina kika ɗauko, idan abu ya yi miki daɗi ba kya iya riƙe shi. Ki cije. Mutum ya ware lokacinsa ne don ya isa wurin da kansa.

Na biyu ya fi na farko kunya. Kakanku ya zo daga Mashi ganin likitan gwiwa, ya yi mana kwana huɗu. Kin san yadda babanku yake jin nauyin surukinsa, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Ya same ni a kicin ya ce, "Wane kaset za a sa wa Baba ya rage zaman kaɗaici?" Na zaro wani na ce, "Wannan. Wa'azi ne zalla daga farko har ƙarshe, ba waƙa ba rawa." Abin da ban gaya masa ba shi ne, ranar da na kalle shi na tashi a tsakiya na je na tuƙa tuwo, ban dawo ba sai da aka kusa gamawa.

Babanku ya sa kaset, ya koma bakin ƙofa ya zauna a ƙasa cikin ladabi. Farko lafiya lau, wani dattijo yana yi wa 'ya'yansa nasiha, kakanku yana gyaɗa kai. Can sai kiɗa ya tashi, ga saurayi da budurwa cikin lambu suna juyi, ana yayyafi. Rimot kuwa ba batir, ni na cire na sa a tocila. Babanku ya yi wuf ya tsaya gaban talabijin ya baza babbar rigarsa kamar labule, ya kai hannu baya yana laluben wurin kashewa, sai ya danna na ƙara murya. Kakanku ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Malam Sule, ashe wa'azin zamani har da kiɗa ake yi." Ni ina tsakar gida, na rasa inda zan sa kaina. Babanku bai sake shiga ɗakin ba har Baba ya koma Mashi, kuma har yau idan na ce masa abu ya yi kyau sai ya ce, "Kin dai tabbata ba ki je tuƙa tuwo ba?"

Kada ki tsaya wa abin da ba ki gani duka ba. Idan kin tashi a tsakiya, ki mayar baya ki kalli wurin. Kuma bai isa ki ce fim ya yi kyau ba, ki faɗi wanda za a iya zama da shi a kalla. Akwai na kallo da ƙawaye, akwai na kallo da yara, akwai wanda za a iya sa wa suruki hankali kwance. A gidajenmu wannan bayani ya fi kowane yabo amfani.

Da na ɗauki darasi daga wannan, da ban yi na ukun ba. Ban ɗauka ba.

Kin tashi kin ga al'adata ta jan biro. Duk littafin da ya shigo akwatin hayata sai in liƙe bangonsa da salatif, in karanta, sannan in buɗe cikin bangon baya in rubuta hukuncina da ja: ko "Na karanta, ya yi," ko "Na karanta, a kiyaye." Da farko don mata na fara, saboda kada kowa ta zo ta tsare ni da tambaya ina tsakiyar girki. Sai aka ƙaddamar da shari'a, magana ta yi zafi a kan littattafan Hausa, a masallaci ana yi, a majalisar maza ana yi, wasu na cewa su ne ke lalata tarbiyya. Magidanta da yawa suka hana a shigo musu da littafi gida. Wasu kuma suka samo dabara, sai su juya bayan littafi, in sun ga jan birona ya ce ya yi, su ce a karanta. Masu ba da haya a Mai'aduwa da Sandamu suka riƙa aiko tambaya kafin su saro sabon littafi. Ramlatu, kaina ya kumbura. Na fara jin kamar ni ce alƙaliyar littattafan ƙasar Daura.

Kin kuma san yadda littattafanmu suke fitowa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, da watanni a tsakani. Na ɗaya ya nuna ɓarna, na uku ya kawo sakamako. Babu wanda ya fi ni sanin haka. Wata rana mai kawo mini littattafai daga Kano ya zo da wani sabo mai koren bango, na ɗaya kaɗai ya fito, da sunan marubuciyar da ban taɓa ji ba. Labarin wata 'yar makarantar kwana ne. Ranar ziyara uwarta ta zo daga ƙauye da ƙwaryar fura a ka, zaninta ya koɗe, ƙafarta duk faso. Ƙawayen yarinyar suka ce wace ce wannan, ta ce mai aikin gidansu ce. Uwar ta ji da kunnenta, ta ajiye ƙwaryar ta juya. Littafin ya ƙare yarinyar tana shan furar da ƙawayenta suna shewa. Raina ya ɓaci matuƙa. Ban jira na biyu ba, na ɗauki biro na rubuta a duk kwafin da na karɓa: "Na karanta, yana koya wa yara raina iyaye, a kiyaye." Kafin sati biyu maganar ta zagaya, masu haya suka mayar da nasu.

A tsakanin nan Saude ta zo mini daga Sandamu. Ke kin san ta a Anti marubuciya, amma a lokacin ko a mafarki ban san tana rubutu ba, duk da tare muka yi firamare kafin ita ta wuce makarantar kwana. Ta ɗauki koren littafin tana jujjuyawa ta ce, "Talatu, wannan fa, ya kika gan shi?"

Na gyara zama na ce, "Wannan? Wadda ta rubuta shi ba ta san zafin haihuwa ba, ba ta san darajar uwa ba. Da zan gan ta, a idonta zan gaya mata."

Ta buɗe bangon baya ta karanta jan rubutun, ta rufe a hankali ta ajiye. Ta ce za ta koma kafin la'asar. Ko taliyar da na zuba mata ba ta taɓa ba, ni kuwa ban kawo komai a raina ba.

Wata uku ba Saude ba aikenta. Aka yi sunan ƙaninki Bashir ba ta zo ba, ita da ko zazzaɓi na yi sai ta kwana a gidan nan. Da na yi arba'in na nemi izinin babanku na shiga motar Sandamu da fushina. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ko zama ban yi ba na fara faɗa. Ta ajiye rariyar. Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar fanteka daga ƙarƙashin gado, ta kwaso littattafan rubutu irin na 'yan makaranta ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Kin ce in kin gan ta a idonta za ki gaya mata. To ga ni. Ga na biyu da na uku nan, karanta ki ƙarasa zagin gaba ɗaya."

Na buɗe littafin da ke sama. Rubutun hannunta ne.

Ta ce, "Yarinyar nan ni ce, mai ƙwaryar fura kuma Innata ce. Shekarun nan duka na kasa roƙonta gafara, duk ranar da na fara sai harshena ya yi nauyi, ita kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Shi ne na ce bari in rubuta, a buga, a karanta mata, ta ji na faɗa wa duniya abin da na yi mata." Ta ce mijinta Malam Isuhu, malamin firamare ne, ya bar ta ta yi rubutu da sunan aro bisa sharaɗin kada abin ya jawo musu magana. Da labarin jan biron Daura ya iso masa sai ya ce a tsaya, ba na biyu ba na uku. Inna kuwa ta tsufa, yau lafiya gobe ciwo.

Nan na zauna a tabarmarta tun hantsi har la'asar ina karatu, Bashir yana cinyar Saude. Na ga yadda yarinyar ta girma abin yana cin ta, yadda ta haihu ta gane, yadda ta ji daga bakin wata maƙwabciya cewa a ƙafa uwar ta je makarantar ran nan, a ƙafa ta koma. Na yi kuka har mayafina ya jiƙe. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Da Malam Isuhu ya dawo na ce Saude ta roƙa mini shi ya tsaya a zaure. Na durƙusa daga bayan labule na ce, "Malam, ni ce mai jan biro. Kashi ɗaya cikin uku na karanta na yanke hukunci. Laifin nawa ne, ba na iyalinka ba."

Ya ce, "Maman Ramlatu, ni ma da naki na yi aiki ban karanta ba, kin ga mun zama mu biyu. Amma a gaban jama'a kika rubuta, don haka a gaban jama'a za ki gyara. In bakin da ya ce a kiyaye ya dawo ya ce ya yi, ni ba ni da ta cewa."

Na dawo gida na fito da korayen nan daga akwati. Ban goge rubutun farko ba, don kowa ya riga ya gani. A ƙasansa na ƙara: "Ni mai rubutun sama ban jira ƙarshe ba. Yanzu na ga ƙarshen. Na yi kuskure, ya yi." Sannan na ɗauki mayafi na bi gida-gida, duk matar da na taɓa gaya wa ta guje shi na nuna mata. Ranar kasuwa na je har Mai'aduwa wurin mai hayar can. Kowa tambayarsa ɗaya, ya aka yi kika ga ƙarshen abin da ba a buga ba? In ce rubutun hannu na gani. Wa ya rubuta? In ce amana ce. To me ya faru a ƙarshen? In ce ku jira. Gwaggonki Delu ta tafa hannu ta ce, "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah, Talatu ta san ƙarshen labari ta kasa faɗa!" Wani maƙwabcinmu ya aiko matarsa ta tambaye ni, yanzu wanne za a bi, rubutun sama ko na ƙasa? Na ce ta ce masa ya karanta da kansa, littafin ko kaurin faifai bai kai ba. Wasu magidantan daga nan suka daina yarda da birona. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, amma kaina da ya kumbura ya saɓe, na ji sauƙi.

Ke ma za ki yi kuskure, ba makawa. Idan kin yi shi a cikin shiri, ki gyara shi a cikin shiri, da muryar da kika yi shi, kada ki koma gefe ki ba marubuci haƙuri a waya alhali dubban mutane suna riƙe da maganarki ta farko. Idan kashi na ɗaya kawai ya fito, ki ce na ɗaya kika karanta. Kuma ki soki littafi in ya cancanci suka, wannan aikinki ne, amma ki bar mai shi. Ni da na tsaya a kan labarin da sauƙi, sai na wuce na zagi matar da ban sani ba, alhali tana zaune a kan kujerata.

Malam Isuhu ya cika alkawari. Na biyu ya fito, na uku ya biyo baya, mata suka riƙa layi a kansu har sai da salatif ɗina ya ƙare. Saude ta zo da su ukun a jaka ta ce, "Ni ba zan iya ba, muryata ba za ta fita ba. Ke kika kusa hana shi, ke za ki karanta mata." Na ce na ji, na cancanci fiye da haka.

Muka je ƙauyensu, gaba kaɗan da Sandamu. Muka sami Inna a ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Inna, labari na kawo miki." Ta ce, "Madalla, zauna." Saude ta zame ta fita, ta jingina da bango a bakin ƙofa daga waje. Na fara karantawa. Da na zo wurin ƙwaryar fura hannun Inna ya tsaya a kan gyaɗar, can kuma ta ci gaba da ɓara. Kwana uku muna zuwa, kullum littafi ɗaya, kullum Saude tana waje. A rana ta uku na karanta inda yarinyar ta durƙusa gaban uwarta ta ce ta yafe mata. Na rufe littafin.

Inna ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta ta ce, "Talatu, mai littafin nan tana kusa?"

Na ce, "Tana kusa, Inna."

Ta ce, "To ki gaya mata ta iya labari, amma ta yi kuskure wuri ɗaya. Ta ce uwar ta koma gida tana kuka. Ni ban yi kuka ba. Abin da nake ta tunani a hanya shi ne ko furar za ta ishe su, don na ga ƙawayen da yawa. Yarinya ce fa. Tun ban fita ƙofar makarantar ba na yafe. Ce mata ta shigo, rana ta yi mata yawa a wajen nan."

Saude ta shigo da rarrafe ta kifa kanta a cinyar Inna. Ni kuwa na tattara zanina na fita na ba su wuri, ina kuka ina dariya, har matan gidan suka fito suna tambayata lafiya. Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya bayan wannan, kuma duk baƙon da ya je sai ta sa an ɗauko masa korayen littattafan daga cikin kwallarta, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

Wannan ranar ce na kusa hana su da layi ɗaya na jan biro. Duk littafin da aka ɗora miki a tebur, Ramlatu, mai shi yana wani wuri ya kunna rediyo, kuma ba ki san dalilin da ya sa ya rubuta ba.

Allah Ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, Ya tsare harshenki, Ya sa muryarki ta zama sanyi ga masu jin ta. Allah Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga shiri. Babanku yana sa miki albarka, Bashir da Gwaggo Delu suna gaishe ki. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam,
Ummanki, daga Daura.